Inna Sa'a, Wadda Ba Ta Tsayawa a Kan "Da Sauƙi"

Kullum da hantsi za ka gan ta a bayan babur, rungume da jakar awon jini, ta nufi Kunduru ko Sukuntuni. Inna Sa'a ke nan, ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya a Kankiya watan jiya, amma ƙafarta ba ta yi ritaya ba. In ta gaida tsoho mai jinya, ya ce "Da sauƙi," kamar yadda kowa ke cewa ko da numfashi na sarƙewa, ba ta juyawa. Sai ta tuɓe takalmi, ta zauna bakin tabarma.

"Allah ya ƙara sauƙi, Baba. To in ciwo ya hana ka magana, wa zai yi a madadinka? Asibiti kake so, ko ɗakinka?"

Wannan tambayar ce ta jawo mata suna: Mai Awon Likkafani. Ana ta raɗa. Likita ce ita ko malama? Wa ya aiko ta? Wasu suka ce asibiti ke turo ta, ta lallashi tsofaffi su mutu a gida kada su cika gadaje.

Mutanen Sukuntuni sun ga abin da ya faru gidan Baba Dikko. Ƙa'idarta ce ba ta jin amsa ita kaɗai, don haka ta sa aka kira liman, da Manu ƙanen tsohon, da 'ya'yan tsohon. Tsohon ya ce, "In na faɗi, a kai ni asibiti, ban gaji da duniya ba. Kuma ɗiyata Juwairiyya ce bakina."

Manu ya zabura. "Yaya, mace? Ina raye?"

Baba Dikko ya ce, "Kai da ko akuya ta yi tari sai ka ce a yanka?"

Aka yi dariya, ban da Manu.

Da damina Baba Dikko ya yanke jiki ya faɗi a gonar gyaɗa, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Manu ya ce lokaci ne, a bar shi ɗakinsa a yi mashi rubutu. Da babur ɗin Inna Sa'a ya tsaya, wani a zaure ya ce, "Ga ta nan, ta zo ƙarasa aikinta." Shi kansa Manu ya ɗauka ya samu mai goya mashi baya.

"Ke da kika san aikin, gaya masu ba ya tashi."

"Ban sani ba, Malam Manu. Wannan sanin na likita ne, rana kuma ta Allah ce. Abin da na sani shi ne abin da ya faɗa da bakinsa, kana zaune."

Ta dubi liman. Liman ya ce, "Haka ya ce."

Juwairiyya ta ce, "Kawu, a kawo mota." Aka ɗura rubutun a gora, aka tafi da shi asibiti tare da tsohon.

Inna, na karanta labaran ƙauna har idona ya gaji, ban ga irin taki ba. Ke ce kika zama kunnen wanda harshensa zai gaza. Ke ce ba ki taɓa zaɓar wa kowa gida ko asibiti ba, kuma inda saninki ya ƙare, nan kike tsayawa. Har gobe akwai masu naɗe tabarma in sun hango ki, Manu ma cewa yake dace kika yi. Ba ki fasa ba. Mun gode, Allah ya saka maki da Aljanna.

Mu kuma matasa, mu zauna gaban iyayenmu tun suna da baki, mu tambaye su, mu kira shaidu.

Baba Dikko yana nan, yana jan ƙafa da sanda. Shekaranjiya Inna Sa'a ta leƙa zaurensa ta ce, "Ya jiki?"

Ya matsa mata tabarma. "Tuɓe takalmin tukuna, in gaya maki gaskiya."