Kunnen Hagu da Bindigar Korar Birai

Gonarmu tana bakin daji ne, gaba da Dogon Dawa, kuma duk shekarar da masara ta yi goyo sai birai sun sauko mata. Ni da yayana muke gadinta da bindigar toka. Ba kisa muke nema ba, ƙarar ce ke korarsu.

Tun ina saurayi nake tsoron kurumta, domin na ga yadda ta cinye mahaifinmu, wanda maharbi ne. Saboda haka ban taɓa ɗaga bindiga ba sai da auduga a kunnen dama, tunda shi ke kwanciya jikin gindin bindigar. Na hagu kuwa a buɗe nake barinsa. A shekarun nan ba a noma a yankinmu da kunne a toshe. Idan baburan mutanen daji suka taso, ba jin ƙarar kawai ke ceton mutum ba, sai ya san ta wace fuska take zuwa, don kada ya gudu ya faɗa hannunsu.

Wata damina sai kunnen hagu ya fara yi mini kuka kamar gyare ya shige ciki. Da na yi harbi kukan ya tashi, kuma ya daina tafiya da wuri. Wata rana matata ta kira ni daga bayan rumbu, sai na juya wajen ƙofar gida ina amsawa.

"Malam, ga ni nan fa," ta ce tana dariya. "Ko akwai wata a zaure da ban sani ba?"

Ni ban yi dariya ba. Da babur ne ba muryarta ba, ina zan nufa?

Na yi ta saƙe-saƙe har zuwa ranar wani suna a gidan maharba. Ina zaune a tabarma ina kallon dattawa, sai na lura da abin da na daɗe ina gani ban kula ba. Duk wanda aka yi wa magana sai ya karkato da kunnen dama, yana cewa "Na'am?" Yayana ma haka. Mutum ɗaya ne kawai ke miƙo na hagu, wani tsoho mai yankan nama, kuma da hannun hagu yake riƙe wuƙar. Bahago ne. Na matsa na gaishe shi, na tambaye shi a wace kafaɗa yake ɗora bindiga. Ya dafa ta hagu.

Da na koma gida na ɗauki taɓarya na saita ta kamar bindiga. Kunnen dama ya lafe a kafaɗa, kai ya kare shi. Na hagu shi ne ke fuskantar bakin bindigar, inda wutar ke fita. Ashe shekara da shekaru kunnen da ke cikin inuwa nake lulluɓewa, na bar ɗan'uwansa a rana. Na yi niyya a ranar: abin da ya rage mini na ji, ba zan bar wa albarushi shi ba.

Na fara da auduga da man kaɗanya a kunnuwan biyu. Da rana ta take man ya narke, ya gangaro wuya, audugar ta riƙa zamewa. Ga damuwar alwala: in na zo shafar kunne sai in tsaya ina wasi-wasi ko ruwa ya taɓa fata, har in sake. Na bar ta.

Maƙwabcinmu, wani Bagwari Kirista mai injin niƙa, yana da abin rufe kunne, kofuna biyu masu laushi haɗe da ƙarfe mai lanƙwasa ta saman kai. Ya ara mini ran Lahadi, da yake ba ya tada inji.

"Ka gwada, maƙwabci. Ni in na sa shi ko faɗan madam ba na ji."

Lallai yana kashe ƙara. Amma da na kwantar da kunci a gindin bindiga sai katakon ya ture kofin dama ya ɗaga shi, hula ta karkace, gumi ya taru a ciki. Mafi muni, in yana kaina daji ya mutu ɗungum. Na riƙa waige-waige kamar ɓarawo. Na mayar masa da godiya.

Shi ne ya ce in duba wajen masu sayar da kayan injin fasa dutse a kasuwar Birnin Gwari. Can na samo wasu 'yan soso guda biyu, kowanne kamar kan ɗan yatsa, haɗe da zare. Na tsare mai shagon da tambaya: in ya shige ya ƙi fita fa? In zaren ya tsinke fa? Ya nuna mini yadda ake murza shi ya zama siriri, a ja kunne sama da ɗaya hannun, a tura, a riƙe har ya kumbura ya cika ramin. Soson ba ya taɓa gindin bindiga, ba ya hana hula zama. Na rataya zaren a wuya kamar laya, na kafa wa kaina doka: in ina gadi kunnuwa a buɗe, in zan yi harbi duka biyun a toshe.

Matsalar ita ce biri ba ya jira. Ranar farko da suka sauko, ina durƙushe ina murza soso, su suna karya masara.

"Kai, harba mana!" in ji yayana. "Kwalliya kake yi? Amarya ma ta gama sa 'yan kunne!"

"Yaya, saura ɗaya."

"Me ka ce?"

"Na ce saura ɗaya! Kai ma toshe naka!"

Ya yi tsaki, amma ya sa yatsu. Soson kunnen hagu ya faɗi ƙasa, na hure ƙasar, na sake murzawa. Ina kallon wani babban biri ya rungumi masara yana hawa bishiya. Zuciyata ta ce harba kawai, yau ɗaya ce. Na ƙi. Sai da na ji duniya ta yi nisa a kunnuwan biyu, sannan na ja kunama. Ƙarar ta zo kamar an buga ƙofa a wani gida.

Na zare soson. Gyaren bai tashi da sabon kuka ba. Yayana yana tsaye kan kunyar da aka yi wa ɓarna yana ta faɗa, sai na ji wani abu can ƙasa-ƙasa. Na kama hannunsa.

"Babura. Ta wajen rafi."

"Ni ban ji komai ba."

"Ni na ji. Mu bi ta dawa."

Muka sunkuya cikin dawar maƙwabta muka nufi gari, rafin yana bayanmu. Ban san ko su waye ba, ban kuma tsaya dubawa ba.

Da muka iso bakin gari yayana ya zauna kan kututture yana haki. Ya daɗe yana kallon zaren da ke wuyana.

"Ranar kasuwa," ya ce, "ka sayo mini irin 'yan kunnen nan naka."

Na zagaya ta damansa, na ce masa to.