Baba Juya-Baya da Motar Batir

Duk wanda ya taɓa zuwa tsohon birni kallon kangaye, ya hau keken doki a babban dandali, ya ga direban ya ba hanya baya yana fuskantarsa yana zuba kamar rediyo, to keken Baba Juya-baya ya hau. Masu keken doki a dandalin suna da yawa, amma shi kaɗai ne ya tsufa a kan titin nan bai san yadda gabansa yake ba. Komai sai an wuce shi yake ganinsa.

Yana saurayi ya gaji keken daga kawunsa. Sauran direbobi suna kallon gaba, suna jefa wa baƙi bayani ta kafaɗa: "Wancan coci ne. Tsoho ne ƙwarai." Shi kuwa ya ce rashin tarbiyya ne ka ba baƙo ƙeya kana yi masa magana. Sai ya riƙa rataye linzami a wata ƙusa, ya juyo gaba ɗaya, ya harɗe ƙafafu, ya bar doki da hanya.

Dawakai da dama sun bi ta hannunsa. Na ƙarshe shi ne Alƙali, wani fari mai ƙaton ciki, wanda aka sa wa sunan saboda ba ya sauri, kuma in ya tsaya babu ɗaukaka ƙara. Alƙali ya haddace zagayen kakaf. Daga dandali zai bi lungun masu sayar da hotuna, ya ja birki da kansa a gaban karyayyun ginshiƙan nan da ciyawa ta tsiro a kansu. Daga nan sai tsohon coci mai fasasshiyar ƙararrawa, inda sanyi ke fitowa ta ƙofa ko da rana ta take. Sai filin wasan mutanen da, mai kujerun dutse hawa-hawa, wanda yanzu kyanwoyi ne 'yan kallonsa. A kowane wuri dokin yana jira Baba ya gama labari ya tafa hannu, sannan ya ɗaga kofato.

Kai, wancan lokaci! Da hantsi za ka ji ƙwas-ƙwas ɗin kofato a kan daɓen dutse, tattabaru na tashi, muryar Baba na hawa da sauka, baƙi sun saki baki, wasu har sun manta da kyamarar da ke wuyansu. A gida kuwa ba ka jin ko tarinsa. Inna, matarsa, takan ce wa maƙwabta, "Ai maganar tasa duk ya rabar wa baƙi. Ni ragowar hamma nake samu."

Ana nan sai hukumar birni ta ce kofato na cinye duwatsun tarihi, kashin doki kuma na korar baƙi. Duwatsun da suka ga yaƙi da girgizar ƙasa ba su ce uffan ba, wai Alƙali ne zai ƙarar da su. Aka kawo wasu ƙananan motoci masu batir, marasa ƙofa, masu tafiya shiru kamar ɓarawo. Aka ce duk direban da ya ci gwajin tuƙi ya ci gaba da aiki a dandali, wanda ya faɗi kuwa ya koma gida.

Aka kai Alƙali gonar wani surukin Baba a bayan gari. Ranar da aka zo ɗaukarsa Baba bai fito ba. Ya ce ciki ke damunsa.

Abin da ya rage masa shi ne dandalin, kuma bai shirya rabuwa da shi ba. 'Yarsa ta ƙarshe, Auta, wadda ke tuƙa motar rarraba burodi, ita ta riƙa koya masa da yamma a filin ajiye motoci na bayan kasuwa.

"Baba, ga birki, ga totur. Idonka a gaba."

"Na ji."

"A gaba fa, Baba. Ba kaina ba."

"Ke, ni na koya miki tafiya da ƙafa, yau ke ce za ki nuna min gaba?"

Amma ya koya, har ya iya. Wuyansa ya yi ta ciwo saboda bai saba miƙewa ba.

Ranar gwaji duk tsofaffin direbobi suka jeru a bakin tafkin dutsen da ke tsakiyar dandali, mai feshin ruwa, da mutum-mutumin wani sarki a tsaye a cikinsa. Dogo, abokin tsokanar Baba tun suna samari, ya ɗaga murya: "Juya-baya, a kawo maka madubi ka riƙa kallon hanya ta ciki?" Baba ya hau mota, ya kama sitiyari. Jami'in gwajin, wani matashi mai ƙyallin takalmi, ya zauna a kujerar baya.

Suka wuce ginshiƙai lafiya. Suka wuce coci, Baba ya cije leɓe, labari na yi masa ƙaiƙayi a maƙogwaro. Suka zagaya filin wasa, suka dawo dandali, Auta da ke tsaye a gefe har ta fara murmushi. Sai jami'in nan, bawan Allah, ba da wata manufa ba, ya ce, "Baba, wai me ya sa sarkin nan ba shi da hanci?"

Shi ke nan. Duk cikin labaransa babu wanda Baba ke so kamar na hancin nan. Hannayensa suka saki sitiyari da kansu, ya juyo gaba ɗaya, fuskarsa ta washe. "Yawwa ɗana, ka tambayi gida! Wata shekara, ana tsakiyar yunwa…"

Motar batir ba Alƙali ba ce. Ta ci gaba da tafiya salin-alin, ta hau ɗan dakalin tafkin, ta tsoma hanci a ruwa kamar saniya mai ƙishi. Tattabaru suka watse. Dogo ya faɗi ƙasa yana riƙe ciki don dariya. Jami'in ya fito ruwa har gwiwa, ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, amma ka faɗi." Sannan ya ƙara da cewa, "To, hancin fa?" Baba ya fito daga tafkin. Ya matse bakin wandonsa ya tafi gida.

Ya zauna a ɗaki makonni, ya juya kujera yana kallon bango. Sau ɗaya ya leƙa dandali, ya tarar da Dogo na tuƙi, wata na'ura a motar tana karanta wa baƙi tarihi da muryar mace mai mura. Ya dawo ko abinci bai ci ba. Inna, wadda ta shekara da shekaru tana ƙorafin shirunsa, ta ga wannan shirun daban ne, ta kira Auta suka yi ƙus-ƙus a kicin.

Auta ta ajiye aikin burodi, ta je ta yi gwajin, ta ci. Da aka ba ta mota ta wuce da ita wurin mai walda, ta sa ya cire kujerar da ke kusa da direba ya juya ta tana kallon baya. Ta zo ƙofar gida ta danna hon.

Baba ya leƙo ta taga, ya gane nufinta, ya ɓata rai. "Ni? 'Yar cikina ta riƙa ja na a gaban su Dogo?"

Inna ta ce daga bakin murhu, "Doki ya ja ka tun kana da baƙin gashi ba ka ji kunya ba, sai 'yarka? Sa hularka, Malam, ka ba ni wuri in share ɗaki."

Ya sa hular.

Yanzu in ka je dandalin za ka same su. Ba kamar da ba ne, kada in yi maka ƙarya. Babu ƙarar kofato, babu warin doki, kuma Baba yakan tsaya a tsakiyar magana kamar mai jiran wani abu da bai zo ba. Auta ma ƙafarta na da nauyi a kan totur, ta saba da sauri kada burodi ya huce. Amma baƙi suna layi a motarsu, suna barin na'urar Dogo tana yi wa kujeru bayani.

Rannan an ji su suna wuce ginshiƙai.

"Auta, rage gudu, ban kashe sarkin a labarin ba tukuna."

"Baba, jiya tun a lungun masu hotuna ka kashe shi."

"Jiya baƙin suna sauri ne. Yau sai ya kai coci."

Ta girgiza kai, ta ɗaga ƙafa daga totur.