Saƙon Letebirhan Zuwa Kan Dutse

Gidan zuhudun da ke kan dutsen garinmu, a ƙasar Tigray, ya haura shekara dubu, amma maƙwabciyata Letebirhan ba ta taɓa ganin ko ƙofarsa ba. Mace ba ta hawa. Kai, ko kaza ba ta hawa, sai zakara. Hanya ɗaya ce tak: igiyar fata da sufaye ke zurowa, mutum ya ɗaura a ƙugu a ja shi sama.

Duk da haka ta san ginin ciki da bai, don mijinta Araya ne kafintan wurin. Ta san bangon cocin jeri ne na dutse, jeri na itace. Ta san bakunan azara da ke leƙowa waje, waɗanda muke kira kawunan biri. A bakinsa ta haddace su duka, tana tuyar injera, wainar ƙasarmu, yana zuba mata labari.

Aibin Araya ɗaya ne. Da ta ɗaga murya, sai ya tuna wani kan biri ya ruɓe.

Wata shekara damina ta kawo kai, ga rufin ɗakinsu mai yoyo ne daidai kan rumbun tef, hatsin da za su ci har kaka.

"Maigida, rufin nan fa?"

"Uwar yara, ɗakin Allah na jira, ki ce in fara da naki?"

Ya kama igiya, ya yi sama abinsa.

Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki kujerarta da kaɗinta ta zauna a gindin dutsen. Mako ne na ziyara, maza na ta tururuwa. Duk wanda zai ɗaura igiya sai ta ce, "Ɗana, don Allah in ka ga kafinta, ka ce rufinsa na yoyo."

Mutanenmu ba sa cin amanar saƙo. Matsalar ita ce baƙi ba su san Araya ba, don haka kowane mai gemu suka gani sai su isar. Sufayen da suka bar duniya don neman shiru suka wuni suna jin labarin yoyo, har a bakin ɗakin addu'a. Wani tsoho da ya shekara bai ce uffan ba ya buɗe baki ya ce shi ba shi da mata.

Kafin yamma shugabansu, Abba Tekle, ya leƙo daga bakin dutse.

"'Yata, mun ji! Wallahi mun ji!"

"Abba, ni shi nake so ya ji!"

Aka zuro Araya yana wutsil-wutsil, jakar kayan aikinsa na biye a wata igiyar.

"Kin tona mini asiri gaban waliyyai," in ji shi.

"Ga tsani can," in ji ta.

Ya gama rufin ana yayyafin farko. Tef bai jiƙe ba. Yanzu duk sun tsufa, kuma har yau in Araya ya kama igiya, sai na sama ya tambaya ko an sallame shi a gida.