Sifikun Kawu

Kawuna ya yi shekara talatin yana tsaye kan injin niƙa. Da ya ajiye aiki, sai ya mai da ƙaunarsa kan sifikun falonsa. Doka ɗaya gare shi: duk ranar da ya daina jin maganar 'yan fim sosai, to sifika ta tsufa, a sauya ta.

Kowa a gidan ya san ba sifika ce ta tsufa ba, kunnen Kawu ne injin ya cinye. Amma wa zai ɗaura wa kyanwa ƙararrawa? Mutumin da ko gyaran murya ka yi sai ya ce raini ne.

Cikin shekara goma ya sauya saiti huɗu. Na farko ya ce ƙasa-ƙasa yake masa magana kamar mai mura. Na biyu ya ɗora wa wayoyi laifi, aka farfasa bango. Na uku ya ce labule ne ke shanye sauti, matarsa Goggo ta wayi gari tagoginta tsirara. Kofuna kuwa rawa suke a kabad, maƙwabta har sun haddace finafinansa. Ni kam haushi yake ba ni, amma tausayin Goggo ya fi yawa. Ta gaji da ihu, ta koma yi masa magana da hannu.

Ranar sayen na biyar ni na raka shi. Mai shagon ya kunna mafi girma, gilashin ƙofa na karkarwa.

"To kunna mana," in ji Kawu.

Mai shagon ya kashe, ya matso daf da kunnensa. "Baba, don girman Allah ka fara ganin likita. In ka dawo ka ce kana so, zan sayar maka."

Kawu ya zazzage shi tas, ya yi kwana uku yana kumburi. A na huɗu ya tafi asibiti a ɓoye, ya dawo da 'yar na'ura maƙale a kunne. Ya zauna, ya danna rimot yadda ya saba, sai ga shi ya zabura har hularsa ta faɗi.

"Wane marar imani ne ya ƙure wannan abu?"

"Haka muke zaune shekara goma, Malam," in ji Goggo a hankali.

Ya juyo ya kalle ta. Ya ji ta sarai. Sai ya kashe kayan.

"Zauna," ya ce. "Me da me kika faɗa mini ban ji ba?"

Goggo ta jawo kujera, ta share ido da gefen mayafi. "Ka ci abinci tukuna. Maganar da yawa."