Tsagar da Ta Bi Bango

A wurin aikinsu ba mai kiranta da sunanta na yanka. Anti Tsaga ake ce mata, har masu gadi, har waɗanda suka girme ta nesa ba kusa ba. Ita kuwa ko a jikinta, amsawa take yi ba tare da ta ɗago kai daga kwamfuta ba.

Tun tana yarinya take da ciwon son jin abin da ke cikin abu. A benen da iyayenta suka yi haya akwai dogon ƙarfe na dafawa a gefen matakala. Sai ta kafa kunne a can sama, ta sa ƙaninta ya riƙa ƙwanƙwasa shi da cokali daga ƙasa, wai tana son sanin abin da ya sa ƙarar ke isowa ta ƙarfe kafin ta iso ta iska. Mahaifiyarsu ta yi faɗa har ta gaji, cokulan gidan duk suka lanƙwashe. Da ta girma ba ta bar halin ba, boko kawai ta ƙara masa.

Aikin nata ba shi da wuyar bayani, yin sa ne jidali. Idan za a huda dutse a fitar da hanya, dole a san ko cikinsa a tsage yake, don kada ya rufto wa mutane. To ba mai iya leƙa cikin dutse. Sai ma'aikata su jera na'urorin saurare a jikinsa, su maka masa ƙarfe mai nauyi, girgizar ta ratsa ciki. Inda dutse yake lafiya, sumul take wucewa. Inda ta ci karo da tsaga, ko inda tauri ya haɗu da laushi, sai ta karkace, ta rarrabu, wani sashe ya dawo kamar amsa-kuwwa. Ita Anti Tsaga sai ta gina irin wannan dutsen a cikin kwamfuta, ta saki girgiza a cikinsa, ta yi ta gyara cikin har abin da kwamfuta ta ji ya zo daidai da abin da na'urorin suka ji. Daga nan hoton cikin dutsen ke fitowa.

Maigidanta mai gyaran firji ne, kuma ba ya gajiya da tsokanarta. Ko baƙi aka yi sai ya sanar da su cewa matarsa ce kaɗai a duniya da ke sammako don ta je ta girgiza dutsen da babu shi. Dariya yake yi, amma kowa na ganin yadda yake ji da ita.

Ɗakinta na can ƙarshen baranda, ba taga, ga sanyin na'ura da ya sa kullum tana naɗe da mayafi mai kauri. A ɗakin nan ta kwashe shekara da shekaru tana aikin wucin-gadi. Duk ƙarshen shekara sai an sake duba ko za a ci gaba da ita, duk ƙarshen shekara sai abinci ya ƙi shiga mata. Abin da take so bai fi a tabbatar da ita ba, ta san tana da kujera.

Ana nan sai wani kamfanin gina hanya ya kawo musu aikin wani dutse. Ta haɗa lissafinta, kwamfuta ta yi kwanaki tana gurnani, hoto ya fito. Ga wani dogon layi nan ya ratsa dutsen daidai inda za a huda. Farfesa, shugaban sashensu, da ya gani bakinsa har kunne. Tsaga irin wannan na nufin kamfani zai karkatar da hanya, ya kuma ba sashen aikin bincike na shekaru. A tsaye a bakin ƙofarta ya shaida mata cewa gurbin dindindin da ake shirin buɗewa nata ne, ta sa a ranta.

Ta yi murna, ba ƙarya. Amma layin ya tsaya mata a rai, domin ya cika miƙewa. A saninta dutse ba ya tsagewa kamar an ja masa layi da rula.

Akwai wani abu da duk mai wannan sana'a ke tsoro. Ƙasa ta gaske ba ta da iyaka, girgiza tafiya take yi har ta mutu. Dutsen cikin kwamfuta kuwa a akwati yake, yana da bango. Idan girgiza ta kai bangon sai ta dawo, ta yi kama da amsawar tsaga. Shi ya sa ake yi wa bangon wani lissafi mai shanye ta, kamar an jingina masa katifa. Ta sa katifar, amma dutsen wannan gefen gauraye yake, tauri da laushi, wataƙila ba ta isa ba. Ba wanda ya ce ta sake dubawa. Ita ta faɗaɗa akwatin, ta ja bangon can nesa, ta sake sakin girgizar, ta zauna jira.

Da hoton ya fito, layin ya tashi daga inda yake, ya bi bango.

Tsagar gaske ba ta ƙaura. Ta daɗe zaune, shayinta ya huce, tana kallon hotunan biyu. Na biyun ba wanda ya san da shi sai ita. Goge shi bai fi danna maɓalli ɗaya ba, kuma ta yi wannan tunanin, har sau ba adadi. Ta tuna ƙarshen shekara, ta tuna 'yarta Auta da za ta shiga sakandare. Sannan ta buga hotunan a takarda ta nufi ofishin Farfesa.

Ya duba, ya cire tabarau, ya mayar. Mutum ne mai ilimi, nan take ya gane. Sai ya kawo shawara a tausashe: a bar layin a rahoto, a rubuta cewa akwai yiwuwar tsaga, ai taka-tsantsan ba laifi ba ne.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, babu yiwuwar komai. Bangona ne na gani."

"Dakta, kin san abin da wannan ke nufi a gare ki?"

"Na sani."

Ita da kanta ta tsaya gaban injiniyoyin kamfani ta nuna musu kuskuren da gyaransa. Suka yi godiya, suka tattara takardunsu, suka tafi da fara'a, tunda an sauƙaƙa musu. Babban aikin bincike ya bi ruwa, gurbin ma ya bi shi. Da shekara ta ƙare Farfesa ya kira ta, yana ta kauce wa idonta, ya ce sashe ba shi da halin riƙe ta. Ta yi kuka a gida, kuka sosai. Maigidan, da bakinsa ba ya rufuwa, ranar ko tsokana ɗaya bai yi ba, shi ya dafa wa yara abinci.

Yanzu kimiyya take koyarwa a wata makarantar 'yanmata. Ɗalibanta na tsoron jan bironta, suna kuma rububin ajinta.

An huda dutsen ta inda aka tsara tun farko, aka same shi lafiya lau daga wannan baki zuwa wancan. Bayan an buɗe hanyar, wata rana suka bi ta cikinsa a bas ita da Auta. Fitilu na wucewa a jere, yarinyar ta manna fuska a gilashi.

"Umma, Abba ya ce kin yi aiki a nan. Wanne ne naki?"

Ta leƙa tana neman abin nunawa. Siminti ne kawai, sumul, ba wata alama. Da suka iso wajen tsakiya ta ɗaga yatsa.

"Kin ga nan? Babu komai a nan."

"To ina aikin?"

"Shi ke nan aikin. Ni na gano babu."

Auta ta kalle ta, ta sake kallon bangon, ba ta gane ba. Uwar ta riƙe hannun yarinyar, ba ta ɗauke ido daga bangon ba har suka fita.