Ni Na Ce a Dakatar da Maganin Yayata

Assalamu alaikum Edita. Ina roƙo a sakaya sunana. A lokacin da abin nan ya faru shekarata talatin da huɗu, ina koyar da ilimin halittu a wata sakandaren 'yan mata a Birnin Kebbi, muna zaune a unguwar Gesse da maigidana da 'ya'yanmu uku. A gidanmu na Argungu ni kaɗai na kai jami'a, shi ya sa duk abin da ya shafi asibiti ni ake nema. Idan likita ya rubuta wa wani magani, sai a kira ni a waya a karanto mini sunan, ni kuma in yi bayani. Ban taɓa karatun likita ba, amma ban tuna ranar da na ce wa wani ban sani ba. Gaskiya daɗin girman nake ji.

Yayata ta girme ni da shekara goma sha biyu, kuma ita ta riƙe ni bayan rasuwar Innarmu. Sana'arta turara shinkafa. Takan sayi shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, wajen manoman fadama, ta jiƙa, ta turara a ganga, ta shanya a tsakar gida, a kai inji. Mace ce mai ƙarfi da yawan dariya, ita kaɗai take juya buhu. Ba ta yi boko ba, amma ita ta tsaya kai da fata sai da na yi. Ko a gaban baƙi ba ta kiran sunana, Malama take ce mini, rabi tsokana rabi alfahari.

Dole in faɗi abin da nake koyarwa, domin a nan nauyin laifina yake. Kowace shekara ina yi wa ɗalibaina bayanin yadda ƙwayar halitta take rabuwa biyu. Nakan ce musu jikin mutum ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani, kuma kowace ba ta rabuwa kara zube. Sai ta girma, ta kwafi bayanan gadon da ke cikinta, sannan ta rabu. A tsakanin matakan nan akwai wuraren tsayawa uku, kamar shingayen bincike a hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu. A na farko ana duba ko ƙwayar ta isa kuma bayananta lafiya suke. A na biyu ana duba ko kwafin ya cika babu kuskure. A na uku ana tabbatar da cewa kowane ɓangare zai samu rabonsa daidai. Masu wannan aiki wasu sinadarai ne na furotin. Waɗansu suna tura ƙwayar gaba, waɗansu suna taka mata birki. Akwai guda da ake kira p53, wanda idan ya ga ɓarna yakan tsayar da komai sai an gyara, idan kuma gyara ya gagara ya sa ƙwayar ta kashe kanta don sauran jiki ya tsira. Idan masu tsaron nan suka lalace, ƙwaya mai lahani takan wuce, ta haifi irinta, su yi ta rabuwa babu mai tsayar da su. Wannan shi ne ciwon daji. Na zana shi a allo ya fi a ƙirga.

Wata Asabar na je Argungu, Yaya ta ja ni ɗaki ta kama hannuna ta ɗora a mamanta na hagu. Na ji wani ƙulli mai tauri kamar ƙwallon goruba ƙarami, ba ya motsi. Ta ce ya kai wata huɗu, ba ya ciwo, shi ya sa ba ta damu ba. A nan kam na yi abin da ya dace. Washegari na taho da ita Birnin Kebbi, aka duba ta, aka tura mu wani babban asibiti a Sakkwato. Suka ɗebi ɗan nama suka auna, sakamako ya fito cewa ciwon daji ne. Likitan ya ce bai ga alamar ya bazu ba, kuma akwai kyakkyawan fata. Ya tsara cewa za a yi mata ƙarin ruwan magani sau shida, duk bayan mako uku, sannan a yi aiki a cire maman. Ya nanata cewa ko ƙullin ya ɓace, kada mu tsallake ko ɗaya. Ni na riƙe katin asibitin, lambar wayata aka rubuta a kai.

Maganin ya wahalar da ita fiye da yadda na zata. Bayan na farko ta kwana uku tana amai. Bayan na biyu gashinta ya fara zuba, tana cire ɗankwali sai ga shi a ciki dunƙule. Bakinta ya yi gyambo har kunu sai an bari ya huce sarai. Farcenta ya yi baƙi. Na san dalili, domin maganin yana bin duk ƙwayar da ke saurin rabuwa ne, kuma na gashi da na baki da na hanji suna cikinsu. Amma sanin dalili bai rage mini zafin ganin matar da take juya buhu tana dafa bango kafin ta kai bayan gida ba. Bayan na uku kuwa sai ƙullin ya ɓace. Na lalluba da hannuna ban ji komai ba.

A daidai lokacin an sa ranar bikin babbar 'yarta, saura mako biyar. Yaya ta ce ba za ta koma Sakkwato ba, tana so ta tsaya da ƙafafunta ta sallami ɗiyarta, kuma tunda abin ya tafi ba ta ga dalilin yanke mata jiki ba. Mijinta, manomin shinkafa ne mai haƙuri da ƙarancin magana, ya tara mu a zaure da rana bayan azahar, shi da ƙanensa da ni. Ƙanen ya ce a bar ta ta huta. Mijin bai yarda da sauri ba. Ya juyo ya dube ni ya ce, "Malama, ke ad da karatun abin ga. Duk abin da kin ka ce, shi za mu yi." Na san amsar da ta dace. Na san maganin ya fi kama ƙwayoyin da suke cikin rabuwa a lokacin da aka sa shi, waɗanda suka lafa kuma suna iya tsira su farka daga baya, shi ya sa ake maimaitawa. Na san abin da hannu ba ya ji yana iya zama ƙwayoyi masu ɗimbin yawa. Amma sai na ji bakina yana cewa a ɗan dakata har bayan biki, jikinta ya murmure, ai ƙullin ya narke, sauran kuma jiki zai iya da shi. Mijin ya ce to, Allah ya sa haka ya fi alheri.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa tausayi ne ya sa na faɗi haka. Akwai tausayi a ciki, amma ba shi kaɗai ba ne. Na gaji da tashin asuba zuwa Sakkwato. Jarrabawar ɗalibaina ta matso. Kuma ba na so in zama wadda za ta ce a mayar da Yaya cikin wannan azaba, ta riƙa kallona a matsayin mai sa a yanke mata jiki. Maƙwabciyata a Gesse, wata nas Kirista 'yar Filato da muke zaman mutunci, da ta ji labari ta shigo har kicin ta same ni. Ta ce ta ga irin wannan sau da yawa, mutane su ga sauƙi su gudu, su dawo lokacin da babu abin yi. Ta ce in kira likitan in gaya masa maganar bikin, wataƙila ya gyara ranakun ko ya ƙara maganin amai. Na yi mata godiya, a raina kuwa ina cewa ni da nake koyar da abin nan ba nas ce za ta tuna mini ba. Daga asibitin an kira ni sau uku a mako biyu. Ina ganin lambar, na bar wayar ta yi ta ƙara har ta gaji.

An yi biki lafiya. Yaya ta yi ƙiba kaɗan, gashinta ya fara tsirowa, ta yi ta kai da kawo cikin mata tana dariya. Bayan biki na ce mu koma, amma da sanyin murya, ta ce sai an gama girbi. Bayan girbi ta ce ai lafiyarta lau. Ban matsa ba, domin duk ranar da na gan ta a bakin ganga tana aiki sai in ji kamar shawarata ta yi daidai. Wata bakwai muka yi a haka. Sai ta fara kukan ciwon baya, muka ce aiki ne. Sai tari ya biyo, wanda ba ya jin magani. Ranar da na ga ta kasa ɗaga tulun ruwa, na san abin da ya dawo.

Da muka koma Sakkwato, likitan nan dai muka samu. Ya duba hotunan ya ce ciwon ya shiga ƙashin baya da huhu, yanzu sai dai a rage mata zafi a ja kwana. Da Yaya ta fita da mijinta, ya tambaye ni me ya hana mu dawowa. Na gaya masa gaskiya. Ya tambayi aikina, na faɗa. Bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce ƙwayoyin da suka tsira daga zagaye ukun farko su ne masu taurin kai, kuma tunda babu abin da ke tsayar da su a duba kuskurensu, kowace rabuwa tana ƙara musu sabon lahani, har su kai inda maganin da ya yi aiki a da ba zai ƙara yi ba. Na tambaye shi ko da mun ƙarasa da ta warke. Ya ce ba zai iya rantsuwa ba, akwai waɗanda suke ƙarasawa ciwon ya dawo, rai na hannun Allah. Amma ya ce wancan lokacin shi ne damarta mafi girma.

Ta yi wata huɗu tana jinya a ɗakinta na Argungu. Na ɗauki hutu na zauna da ita. Wata safiya ina shafa mata mai a ƙafa na kasa daurewa, na ce ta yafe mini, ni na san bai kamata a tsaya ba kuma na ce a tsaya. Ta dube ni ta ce, "Ni nac ce ban komawa, Malama. Kuma na ga auren ɗiyata. Bar kuka." Ta ce kwana ne idan ya ƙare ya ƙare. Na yarda da ƙaddara, kuma na san ba ni ke rayawa ba. Amma ita ta faɗi abin da take so ne cikin rashin sani da wahala, ni kuwa na sani. Ta rasu ranar wata Talata da hantsi, 'yarta tana da cikin wata shida.

Shekara uku ke nan. Abin da na koya shi ne ɗan ilimi yana iya zama haɗari a hannun wanda ake girmamawa, domin idan ya yi kuskure babu mai ja da shi. Ina kira ga duk wanda yake da mara lafiya a kan irin wannan magani, kada ganin sauƙi ya ruɗe ku. Ɓacewar ƙulli ba warkewa ba ce. Idan wahalar ta yi yawa, ko akwai biki ko wata hidima, ku koma ku gaya wa likita, akwai abin da zai iya gyarawa, amma kada ku yanke hukunci a zaure. 'Yan'uwana mata, duk wadda ta ji ƙulli a mamanta ta je a duba ko ba ya ciwo. Ku kuma 'yan bokon gida da ake tambaya, ku koyi cewa ban sani ba, kuma idan kun sani ku faɗi gaskiya ko za a ji haushinku.

Mijin Yaya har yau yana aiko mini da shinkafa duk kaka, yana gaya wa mutane cewa babu wanda ya tsaya wa matarsa kamar ni. Bai san an kira ni sau uku na ƙi ɗauka ba. Na rubuta wannan ne don in samu ƙarfin zuciyar zuwa Argungu in gaya masa da bakina. Ku sa Yayata a addu'a, Allah ya jiƙanta ya sa ciwon ya zama kaffara.