Tsohon da Ya Cire Takalmin Hagu

Lahadi ce bayan an taso daga coci, gidan rawar Odessa a birnin Newark ya cika. Samari biyar suna kaɗa waƙoƙin ƙungiyar marigayi Cornell Pettaway don tunawa da ita, ni kuwa idona yana kan wani tsoho. Kwat ta yi masa yawa, bai taɓa soyayyen kifin gabansa ba, bai kuma tafa wa kowa ba. Jama'a suna kallon mai busa, shi ƙarƙashin ogan yake leƙe, abin kiɗan nan mai kama da fiyano, inda yaron da ke kaɗa shi ke taka sandunan kiɗa da ƙafa.

"Sa masa ido," in ji Odessa, mai wurin. "Mai irin wannan kallon, wani abu ya zo ɗauka."

Sai ya sunkuya ya cire takalmin hagu. Ƙafarsa cikin hujajjiyar safa tana yawo a ƙasa, tana riga ta yaron sauka. Inda yaron ya kauce, tsohon ya ja tsaki.

"Baba, kun san su Cornell ne?" na tambaye shi.

"Ban san kowa ba, 'yata."

Na rantse ƙarya yake. A hoton ƙungiyar da ke bango mutum huɗu ne, duk sun rasu. Amma an datse gefensa da almakashi, saura hannun wani a kafaɗar Cornell. Na tabbata hannun tsohon nan ne, mai kaɗa musu ogan. Shi ya cuce su, ko su suka cuce shi? Oho. Ya dai zauna ya ba hoton baya, amma ƙafar nan ta ƙi taya shi fushi.